Shekarar da Kwantena Ta Ƙi Gudu

Wani daga cikinku ya faɗa a gabana ranar nan, wai gina shafin intanet ba sana'a ba ce, zaman inuwa ne da danne-danne. Ya ce shi da wayarsa kafin shayi ya huce ya haɗa shafi. Ban yi masa musu ba, don na san zai iya haɗa wani abu mai kama da shafi. Amma tunda kun zo kun zauna kuna son koyo, gara in gaya muku yadda abin yake daga ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sunana Habu. A Gumel in ka ce Habu kawai za a tambaye ka wanne, in ka ce Habu Kwamfuta sai a nuna maka shagon nan. Ba da kwamfuta na fara ba. Da tafireta na fara, a gindin wata darbejiya kusa da kotu, ina buga wa mutane takardar koke da ta neman aiki. Kayan aikina a lokacin ba su wuce tebur mai gurguwar ƙafa ba, wanda nake tokarewa da dutse, sai takardar kabon, da farin ruwan goge kuskure, da wani tsohon buroshin haƙori da nake share haruffa da shi. Tafireta ba ta da yafiya. In ka buga sunan mutum ba daidai ba a takardar kotu, sai ka zare ta ka sake daga farko, mai takardar yana tsaye a kanka yana fifita da hularsa.

Da kwamfuta ta fara cinye mana kasuwa, na ga ko dai in bi ta ko in koma gona gaba ɗaya. Na tafi Kano wurin wani mutum da ake kira Malam Bashari, mai shagon intanet, wanda shi kuma da gyaran rediyo ya fara. Na daɗe a wurinsa bai bar ni na rubuta komai ba. Aikina hure ƙura daga cikin kwamfutoci, da matse kan wayoyi, da tayar da janareta, da zama kusa da dattawan da suka zo aika saƙo ba su san inda za su danna ba. Har na fara tunanin ko ɗan aike ya ɗauka. Ranar da ya ga dama sai ya zaunar da ni, ya buɗe mini fili fetal babu ko harafi, ya ce in rubuta shafi mai sunana da sunan garinmu, da hannuna, ban da kwafa. Na yini a kai. Da na nuna masa, ya goge alama guda ɗaya tak ba tare da na ga wacce ba, shafin ya wargaje, ya tashi ya tafi sallah ya bar ni da nema.

Haka yake koyarwa. In abu ya lalace ba ya tambayar me ya faru, sai dai ya ce, "Me ka taɓa na ƙarshe?" In kuma ka canza abu biyu lokaci guda aikin ya gyaru, sai ya sa ka mayar da su yadda suke. Yakan ce wannan ba gyara ba ne, sa'a ce, kuma sa'a ba ta zuwa aiki kullum. A wurinsa na saba da Linux, manhajar da yawancin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan duniya suke aiki da ita. Irin waɗannan kwamfutoci su muke kira saba. A Linux yawancin aiki a baƙin allo ake yin sa, kai ne za ka rubuta umarni, ba hoton da za ka danna. Mutane in sun leƙo sukan ɗauka kwamfutar ce ta lalace.

Aikina na farko bayan na dawo gida na wani Alhaji ne, dillalin shanu a Maigatari. Yana da masu saye daga kudu da suka gaji da doguwar tafiya su zo su tarar babu irin san da suke so. Na bi shi kara ranar kasuwa da aron kyamara, na yi ta ɗaukar bijimai, wani ma ya kusa sa ni cikin kwata. Da na gama shafin na kai masa, ya daɗe yana kallon hoton wani farin sa, sannan ya tambaye ni ko ba yadda za a yi a ɗan ƙara masa tozo. Na ce ana iya yi, amma mai saye zai zo ya ga san da idonsa. Ya yi dariya, ya ce a bar shi yadda Allah ya yi shi. Daga wurinsa sunana ya fara zagayawa. Na yi wa masu makarantu aiki, da masu sayar da riɗi, da wani mai asibitin kuɗi. Tsakanin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a iya sanina ni kaɗai nake wannan aiki. Da farko na ɗauka riba ce. Ban lura da ɗaya gefen ba, don duk lokacin da na maƙale ina da lambar Malam Bashari. Sai in kira shi, in karanta masa abin da baƙin allo ya rubuto, ya jefo mini tambayarsa.

Kowace sana'a tana da muguwar shekara. Tawa ta fara da rasuwar Malam Bashari, farkon bazara. Na je Kano ta'aziyya na tarar an riga an mayar da shagonsa wurin sayar da kayan waya. Ban daɗe da dawowa ba wuta ta zo da ƙarfi wata rana da hantsi ta ƙone mini laftof, wadda na yi shekaru ina aiki da ita. Allah ya sa ina da kwafin ayyukana a waje. Na sayo wata ta hannu a kasuwar waya ta Kano, ba don ita nake so ba, don ita ƙarfina ya kai. Da Windows ta zo, kuma ban iya cire shi ba, saboda ƙananan ayyukan da ke ciyar da gida, irin su zanen katin biki da allon talla, manhajojinsu a kansa suke tafiya. Da can kwamfuta biyu nake da su, kowace da aikinta, amma wutar nan ta haɗa har da ta biyun. Yanzu ɗaya ce.

Akwai dabarar da aka fito da ita, ta yadda za ka dasa Linux a cikin Windows, su yi aiki tare a kwamfuta ɗaya. Linux ɗin yana zaune ne kamar ɗan haya a ɗaki guda na gidan wani, da ƙofarsa da kayansa, amma gidan ba nasa ba ne. Na dasa, na ga baƙin allona ya dawo, na ce to, an wuce wurin.

A cikin wannan hali Hajiya Zuwaira ta zo. Mutuniyar Ɗanzomo ce, mai sayen zoɓo a hannun matan ƙauyuka, daga yankin Sule Tankarkar har Gagarawa. Ta samu wani mai fitar da kaya waje a Legas da ya yarda ya saya kai tsaye daga hannunta, ba sai an bi ta kan dillalai ba, da sharaɗin ya riƙa ganin kayan tun suna ƙauye. Wakilanta za su ɗauki hoton zoɓon da waya, su faɗi yawansa da tsabtarsa, shi kuma daga can ya ware wanda yake so ya turo mota. Ta ce kafin kaka take so, don in zoɓo ya bushe ba ya jiran kowa, matan da buƙata ta matsa wa za su sayar wa duk wanda ya fara tsayawa a ƙofar gida. Mutumin Legas yana da injiniyansa, shi kuma ya turo mini saƙo cewa a kwantena yake son aikin, in ba haka ba ba zai ɗora a sabarsu ba.

Kwantena a wurinmu ba ta da nisa da wadda kuke gani a bayan tirela. Kana haɗa shafin da duk abin da yake buƙata don ya yi aiki, ka rufe su wuri guda, ta yadda duk kwamfutar da aka kai shi zai tashi iri ɗaya. Ana yin haka ne don gudun tsohuwar rigimar nan ta "ai a wurina yana aiki". Na taɓa gwada ta sama-sama, amma ban taɓa yin babban aiki da ita ba. Na karanta abin da zan karanta, na haɗa kwantenoni uku: ɗaya ta shafin, ɗaya ta rumbun bayanai, ɗaya ta sarrafa hotuna. Fayilolin aikin kuwa na ajiye su inda na saba ajiye komai a sabuwar kwamfutar, a wata folda a fuskar Windows, inda idona zai riƙa ganin su.

Ranar da na fara tayar da shafin na ɗauka kwamfutar ce ta sandare. Ku fahimci yadda aikin yake: ka canza layi ɗaya, ka adana, ka duba shafin ka ga abin da ya canza, ka koma ka sake. A yini guda mutum yakan yi haka ba adadi. In kowane dubawa ƙiftawar ido ne, tunaninka yana tafiya a jere. Ni kuwa in na danna, sai ƙaramin zoben nan ya yi ta juyawa, in tashi in sha ruwa a randa in dawo bai gama ba. Kafin shafin ya fito na manta abin da nake nema. Wani lokacin ma in na adana canji, kwantenar ba ta sanin an taɓa komai, sai na kashe ta na sake tayarwa. Fankar laftof ɗin tana kuka tun safe, ga zafin bazara irin na garin nan. Na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta riƙa bi ta ƙasa. Batirin solar da ke kai ni la'asar ya koma mutuwa tun azahar.

Abin da na fara zargi sabis ne, don mu nan shi ne mai laifin kullum. Na sayi wani layin. Wani ɗan acaɓa ya ce mini a Gagarawa Tasha sabis ya fi ƙarfi, na rataya jaka na tafi, na zauna a rumfar wani mai faci na gwada. Zoben ya juya kamar yadda yake juyawa a Gumel. A hanyar dawowa ne na tuna cewa shafin ma a cikin kwamfutata yake, bai fita intanet ba tukuna, babu ruwansa da sabis. Da Malam Bashari yana raye da tun ban hau babur ɗin ba ya gaya mini haka. Na koma kan memori, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na aika Kano aka sayo mini ƙari na sa. Ya ɗan sassauta kukan fanka, amma jiran yana nan. Na goge komai na sake dasawa daga tushe. Na shiga zaurukan intanet na masu wannan sana'a, na tarar da amsoshi birjik, rabinsu na mutanen da kwamfutarsu ta ninka tawa ƙarfi, suna cewa a sayi sabuwa. Na rubuta wa injiniyan Legas, bayan kwanaki ya amsa da layi ɗaya, cewa a wurinsa dai lafiya lau take gudu.

A tsakanin nan wani mai makaranta daga Sule Tankarkar, tsohon kwastomana, ya zo a gyara masa ɗan abu a shafinsa. Na riga na mayar da aikinsa cikin kwantena shi ma, don in saba. Ya zauna a kujerar da kake kai ɗin nan, muka zuba wa zoben ido tare. Mutum ne mai kunya. Ya yi mini hirar damina, ya yi ta siyasa, ya duba agogo, daga baya ya ce zai je ya dawo. Bai dawo ba. Na ji daga baya ya ba wa wani yaro a Dutse aikin. A majalisar bakin kasuwa kuma magana ta fara yawo cewa Habu Kwamfuta ya tsufa, zamani ya wuce shi. Ba wanda ya faɗa mini a ido, amma a garin da kowa ya san kowa magana ba ta ɓata hanya.

Ruwa ya sauka, zoɓo ya yi ganye, ni ban kai rabin aiki ba. Hajiya Zuwaira ta zo da kanta wata Laraba. Ba ta zauna ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi laftof a kan bulo, ta dube ni.

"Malam Habu, ni ban san aikinka ba, ba zan koya maka ba," in ji ta. "Amma na shiga gida gida na ce wa mata kada su karɓi kuɗin dillali tun zoɓo yana gona, bana akwai hanya. Sun ji maganata. In ba zai yiwu ba, gaya mini yau, in koma in ba su haƙuri tun da sauran lokaci."

Na ce mata zai yiwu. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce ban tabbata ba, amma ta ba ni zuwa kasuwar Maigatari ta sama, in ban ga haske ba ni da kaina zan zo Ɗanzomo in faɗa mata. Ta ce Allah ya taimaka, ta tafi.

Washegari na ajiye aikin Hajiya gefe. Na ce bari in yi abin da aka koya mini, in daina canza abu goma lokaci guda. Na buɗe baƙin allo na haɗa wani ɗan ƙaramin shafi na gwaji, wanda ba shi da komai sai gaisuwa, don in riƙa ƙara masa kaya ɗaya bayan ɗaya har in ga inda zai fara nauyi. Saboda na gwaji ne, ban damu da in kai shi foldar da ke fuskar Windows ba. Na bar shi nan inda baƙin allon ya buɗe, a cikin ɗakin Linux. Na tayar, ya fito nan take. Na ƙara masa rumbun bayanai, ya fito nan take. Na yi ta ɗebo kayan aikin Hajiya ina zuba masa, ina jiran inda zai durƙushe, har na wayi gari da cewa na kwashe aikin gaba ɗaya, kuma yana gudu. Rubutu iri ɗaya, kwantena iri ɗaya, kwamfuta ɗaya. Na mayar da shi fuskar Windows, zoben ya dawo. Na dawo da shi ɗakin Linux, ya tashi. Na yi haka har sai da na tabbata ba sa'a ba ce.

Ga abin da ke faruwa. Kwantenar a ɓangaren Linux take zaune, fayilolin kuwa na ajiye su a ɓangaren Windows. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai iyaka, kuma duk fayil ɗin da kwantenar ta nema sai ya tsallaka. Tsallakawa ɗaya ba komai ba ce. Amma shafin zamani ba fayil ɗaya ba ne, yana jingine da dubban ƙananan fayiloli na wasu mutane, kuma kafin ya buɗe sai an leƙa kusan kowanne. Ku ɗauka mutum zai shigo da buhun gero ta Maigatari, amma aka ce ƙwaya ɗaiɗai zai riƙa wucewa da ita, kowace sai an tsayar an duba. Ga kuma manhajar da ke gadin Windows daga ƙwayar cuta, ita ma sai ta caje kowane fayil a hanya. Shi ya sa ma in na adana canji kwantenar ba ta sani, don labarin canjin ba ya tsallaka iyakar.

Gano ciwon bai gama aikin ba. Fayilolin da na kwaso sun zo da alamar ƙarshen layi irin ta Windows, wadda ido ba ya gani, wasu umarni suka ƙi tashi, na yini ina neman dalili. Wasu kuma sun zo da izinin mallaka a birkice, kwantenar hotuna ta ce ba ta da ikon rubutu. Na gyara waɗannan. Na koyi buɗe manhajar rubutuna ta cikin Linux, maimakon in riƙa leƙo fayilolin daga waje. Rumbun bayanai da tarin ƙananan fayilolin nan na ba su ma'aji na kwantenar kanta. Na rubuta wa Linux iyakar memorin da zai ci, don in ka ƙyale shi sai ya haɗiye komai ya bar mai gida da yunwa. Na kuma gano cewa duk lokacin da na sake gina kwantenar, tana kwasar hotunan zoɓon gwaji gaba ɗaya tana cusawa ciki ba gaira ba dalili, na hana ta. Kowanne na yi shi ɗaya, na gwada, sannan na gaba. Da na gama, fankar ta yi shiru. Na sauke laftof daga kan bulo.

La'asar ce sakaliya. Na juya a kujera, shagon ba kowa. Na ɗauki waya na gangara har kan lambar Malam Bashari, wadda ban goge ba, na ajiye. Na fita wurin mai shayin da ke gefena na ce masa abin nan da ya dame ni ya warware. Ya ce madalla, ya tambaya ko in sa madara. A gida na fara yi wa Rabi matata bayani, ta saurara da zuciya ɗaya tana tankaɗe, da na kai wurin iyaka da buhun gero ta ce, "To, Allah ya ƙara sauƙi," ta miƙo mini ruwa. Ba laifinsu ba ne. Wannan ita ce sana'ar, gara ku ji tun da wuri. Manomi in gonarsa ta yi kyau duk mai wucewa ya gani. Mu abin da muka fi shan wuya a kansa, in ya gyaru, babu abin nunawa sai shafin da ya buɗe kamar yadda ya kamata ya buɗe tun farko.

Ban je Ɗanzomo don ba da haƙuri ba. Na je da shafi, na zauna a zauren Hajiya na koya wa wakilanta yadda za su ɗauki hoto a inuwa don launin zoɓon ya fito. Aikin da ya ƙi tafiya tun bazara na gama shi kafin a fara tsinka. Motar Legas ta zo, ta sake zuwa. Ba duka aka saya ba, an ƙi na wasu ƙauyuka saboda yashi, kuma Hajiya ta sha magana a kan haka. Amma yawancin matan da suka jira ba su yi da-na-sani ba. Injiniyan Legas ya ɗora kwantenar a sabarsu ta tashi ba gardama, bai ce mini komai ba, wanda a wurin irinsu yabo ne. Mai makarantar Sule Tankarkar dai har yau muna gaisawa a wurin jana'iza da ɗaurin aure, aikinsa kuma yana Dutse.

Bayan kaka na zauna na rubuta duk abin da na gano, da Hausa, na sa a wani zauren intanet na masu koyon wannan aiki. Ban ga wanda ya taɓa rubuta shi da Hausa ba. Ba wanda ya tanka. Na leƙa na leƙa har na daina leƙawa.

Sai da wata damina ta zagayo saƙo ya shigo mini daga wani mai suna Isufu, daga Damagaram. Ya ce yana gina wa wata ƙungiyar makiyaya shafi, ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta a bakinsu, ta kusa sa shi barin sana'ar, ya yi ta zargin rezo, wato sabis, har ya ci karo da rubutuna. Ya ce ya kwashe fayilolinsa zuwa ɗakin Linux, yanzu abin sai ka ce an kwance wa doki dabaibayi. Sannan ya yi mini wata tambaya a kan memori wadda ni ma ban san amsarta ba. Muka nemo tare. Daga nan muka riƙa musayar saƙo, shi da Hausarsa mai gauraye da Faransanci, ni da tawa. Shi ma shi kaɗai ne a inda yake.

Wata rana ya ce zai rako wani kawunsa kasuwar Maigatari sayar da raƙuma, ko zan iya zuwa. Na rufe shago na hau mota. Na tarar da wani dogon mutum siriri mai furfura a gemu, da jakar laftof a rataye, yana tsaye a bakin kara yana duba fuskar duk mai wucewa. Daga saƙonninsa na ɗauka matashi ne, ashe sa'ana ne, tsohon malamin lissafi. Muka gaisa kamar yadda baƙi ke gaisawa, aka tambayi iyali da gajiya da hanya. Ya ce ko in ga abin da yake ginawa. Muka samu tabarma a bayan wata rumfar masu igiya, ya buɗe tasa, na buɗe tawa.

Ban san yadda yinin ya wuce ba. Na nuna masa aikin zoɓo, ya ga wani wuri da na yi doguwar hanya ya nuna mini gajeriya. Na ga inda rumbun bayanansa zai cije masa nan gaba na faɗa masa, ya yi musu, muka gwada, ya yarda. Na ba shi labarin tafiyata Gagarawa Tasha neman sabis, tun ban kai ƙarshe ba ya kwashe da dariya har ya riƙe ciki, don ya gane tun kafin in faɗa cewa shafin bai ma fita intanet ba. Ya ce shi kan soron maƙwabcinsa ya hau. Na ba shi labarin Malam Bashari, ya ba ni na wanda ya koya masa. Muka yi azahar, muka dawo. Muka ci tsire a takarda ɗaya, muka yi la'asar, muka dawo. Batirinsa ya mutu muka koma kan tawa, tawa ta mutu muka ci gaba da baki, yana zana mini abu a ƙasa da tsinke. Sai da kawunsa ya aiko cewa mota za ta tashi.

Ya riƙe hannuna a bakin tasha ya ce, "Malam Habu, an ba ni aiki a Yamai, ƙarshen wata zan tafi. Shi ya sa na ce lalle sai na gan ka."

Na yi masa fatan alheri. Daga Yamai saƙonsa ya riƙa zuwa jefi-jefi, yanzu sai da sallah. Ganinmu ke nan na farko, kuma har yau ba a yi na biyu ba.

Na iso gida daf da magariba. Na yi sallama a tsakar gida, sai na ji abin da ya fito daga bakina ba murya ba ce, wani gurnani ne kawai. Rabi ta fito daga madafa ta dube ni, ta tambaya ko mura ce ta kama ni a hanya, ta ce bari ta dafa mini citta. Na buɗe baki zan ce mata lafiyata ƙalau, magana ce kawai na yini ina yi, muryar ta ƙi fita. Na zauna a kan tabarma na jira cittar.